Yadda ake aikin jirgin ɗaukar marasa lafiya a Kaduna ba tare da ma'aikaci ya koma majinyaci ba

Duk ranar da aka ce jirgi zai ɗauki mara lafiya, hankalin kowa yana kan wanda ke kwance. Dangi na ta kiran waya, asibitin da zai tura shi na matsa lamba, wanda zai karɓa na tambayar ƙarfe nawa za a iso. A cikin wannan hada-hada akan manta da cewa akwai wasu mutum uku ko huɗu masu ƙoshin lafiya da za su shiga jirgin: matuƙi, likita, nas, wani lokaci da mataimakin matuƙi. In aka kuskure, rai ɗaya aka fita ceto sai a rasa biyar. Wannan bayani na waɗannan ma'aikatan ne, da kuma jami'an asibiti da 'yan agaji da kan tarbi jirgin a ƙasa.

Jiragen iri biyu ne. Mai fukafukai sai da titin jirgi, irin na filin jirgin saman Kaduna da ke gaba da Mando, kuma shi ake ɗauka in tafiyar ta Legas ce ko ta ƙasar waje. Mai saukar ungulu kuwa yana iya sauka a filin makaranta ko harabar asibiti, shi ya sa yawancin abin da za mu faɗa a kansa ne, don a nan ne ma'aikaci ya fi kusantar hatsari. Hukumar NCAA ce ke ba da lasisin jirgi da na matuƙi, NAMA ke kula da zirga-zirgar sama, NiMet ke ba da hasashen yanayi. Littafin ƙa'idar kamfaninku da aka amince da shi yana gaba da duk wani adadi da za ka gani a nan.

Fara da duba kanka

Kafin ka duba na'ura ko ɗaya, tambayi kanka abu shida: ina da ciwo? Na sha magani? Akwai damuwar da ta cika mini kai? Na sha wani abu mai bugarwa? Na yi barci? Na ci abinci?

Biyu daga ciki sun fi damun mu a nan. Na farko mura, wadda hunturu ke rabawa kowa. A ƙasa ba a ɗauke ta komai ba, amma a sama takan toshe hanyar da ke tsakanin hanci da kunne, iska ta kasa shiga ta daidaita lokacin saukowa, kunne ya yi zogin da zai hana ka aiki, har dodon kunne kan iya fashewa. In ka toshe hanci ka busa a hankali kunnuwanka ba su buɗe ba, faɗa wa shugaban aiki ya sauya ka. Na biyu maganin murar kansa. Piriton da ire-irensa, da maganin tari mai kodin, suna sa gyangyaɗi na sa'o'i bayan mutum ya ɗauka sun sake shi. Zazzaɓin cizon sauro ma haka: wanda jikinsa ke zafi ba ya lissafin magani daidai.

Sai sutura. Rigar aiki ta yadin da ba ya kama wuta, a ƙarƙashinta kuma auduga zalla. Singileti ko wando na roba yakan narke ya manne da fata in wuta ta tashi. Takalmi na fata mai rufe idon sawu, ba silifa ba, ba takalmin roba na ɗakin tiyata ba. Mata masu lulluɓi su sa ɗan ƙaramin hijabin auduga mai kama kai, a cusa gefensa cikin wuyan riga, ba allura ba fil, sannan hular kwano ta hau kai daidai. Hular kwanon da igiyar haɓarta ke kwance, da ita da babu duk ɗaya.

Kaya, musamman oksijin

Mai karɓar aiki da mai miƙawa su duba jaka tare, abu ɗaya bayan ɗaya, da takarda a hannu. A kunna na'urar numfashi da ta duba bugun zuciya da ta zuƙe majina da famfon ƙarin ruwa, a cire su daga wuta a ga ko batirin na riƙewa. Na'ura takan nuna caji cike alhali batirin ya mutu, ba za a gane ba sai an zare waya. Batirin da ya kumbura ko yake zafi ba ya shiga jirgi.

Lissafin oksijin ba a yin sa da ido. Girman tukunyar oksijin a lita, a ninka shi da matsin iskar da ma'auninta ya nuna a ma'aunin "bar", shi ne yawan iskar da ke ciki. Tukunya mai lita 10 da ma'auni ya nuna bar 200 tana da lita 2,000. In ma'aunin ya sauka zuwa 150, lita 1,500 ce. Ƙaramar ta hannu mai lita 2 a kan 200 tana da lita 400 kacal, wato minti 40 ga majinyacin da ke shan lita 10 a minti ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne lissafa lokacin da jirgi zai yi a sama kaɗai. A lissafa daga gadon asibitin nan zuwa gadon asibitin can. Ɗauki misalin majinyaci daga asibitin Barau Dikko zuwa Abuja: saukowa daga ɗaki, motar asibiti zuwa filin jirgi da cunkoson Kawo da Mando, jiran izinin tashi, tafiyar kanta, sannan wata motar a can. A ce duka ya kama minti 120. Lita 10 sau 120 ya ba da 1,200. Ninka biyu, 2,400, saboda hadari zai iya sa a karkata hanya ko a juyo. Ke nan tukunya mai lita 10 guda ɗaya ba ta isa ba. In na'urar numfashin ma da ƙarfin oksijin take aiki, a ƙara abin da take ci.

Oksijin da maiƙo ba sa haɗuwa. Wanda ya shafa basilin ko man kaɗanya saboda kaushin hunturu ya wanke hannu kafin ya taɓa kan tukunya. Ba a sa wa bakinta girisi don ta yi saurin buɗewa. A buɗe ta a hankali, bakin yana kallon nesa da fuska. Kowace tukunya a ɗaure take a mazauninta, ba a ɗora ta tsakanin ƙafafun majinyaci.

Kira ya shigo: a tashi ko a fasa

Nan ne wurin da aka fi asarar rayuka a wannan sana'a a duniya, kuma ba lalacewar inji ce kan gaba ba. Tashi ne a yanayin da bai kamata a tashi ba, saboda tausayi ko kunya ko tsoron oga.

Mataki na farko: mai karɓar kira ya ba matuƙi wurin ɗauka, wurin kaiwa, lokaci da nauyi kawai. Kada a ce masa yarinya ce 'yar shekara biyar, kada a ce masa mahaifin wani babba ne. Matuƙi mutum ne, yana da 'ya'ya, kuma da zarar ya ji haka hazon da ke gabansa sai ya ga kamar ya yi sauƙi. Sai ya gama yanke hukunci a kan yanayi sannan ya ji bayanin majinyaci.

Na biyu: a tambayi mai kiran ko wani kamfani ya riga ya ƙi tafiyar, da dalilinsa. Dangi masu hali sukan bi kamfanoni ɗaya bayan ɗaya har su sami wanda zai ce to. In na farko ya ƙi saboda hazo, hazon bai gushe don an sauya lambar waya ba.

Na uku: yanayi, kuma kowane lokacin shekara da irin nasa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, har cikin Maris, ƙurar hunturu kan rage gani ta yadda sama da ƙasa suke zama launi ɗaya. Matuƙin da ke dogara da ido in ya rasa inda sama ta haɗu da ƙasa, jikinsa zai gaya masa a miƙe yake alhali jirgin ya karkata. A Maris da Afrilu matsalar zafi ce. Kaduna na kan tudu, kimanin mita 600 sama da teku, kuma iska mai zafi ba ta da kauri, don haka farfela ba ta samun abin kamawa. Jirgin da ya ɗaga mutum biyar da hantsi zai iya gazawa da ƙarfe biyu na rana. Da damina kuwa hadari ne, wanda yakan haɗu da yamma cikin ɗan lokaci, iska mai ƙarfi ta riga ruwan isowa. A duba yanayin wurin tashi, da na hanya, da na wurin sauka, da na lokacin dawowa. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa.

Na huɗu: nauyi. A nemi nauyin majinyaci na gaskiya, ba kintace ba. Litar man jirgi ɗaya ta kai kimanin kilo 0.8, saboda haka duk kilon da aka ƙara na mutum ko kaya, daga mai ake rage shi. Ɗan rakiya ɗaya ne, in matuƙi ya yarda. Kulolin abinci da jakunkunan bakko su bi mota.

Na biyar: tsaro. A watan Maris na 2022 'yan bindiga sun kai hari filin jirgin Kaduna kansa, balle filin ƙauye. Ba a sauka wurin da jami'an tsaro ba su tabbatar ba, kuma a sami lambar mutum ɗaya takamaimai da ke tsaye a wurin wanda za a yi magana da shi har jirgi ya sauka.

Sannan ƙa'idar da ta fi duk waɗannan: sai kowa ya yarda ake tashi, amma mutum ɗaya ya isa ya hana. Ko nas ce da ta fara aiki watan jiya. Mun taso da ladabin cewa ƙarami ba ya musu da babba, kuma tarbiyya ce mai kyau a zaure da gaban iyaye. A cikin jirgi shirun ƙarami yana kashe babban da ƙaramin tare. Ba rashin kunya ake nema ba, akwai yadda ake faɗa: "Kyaftin, hankalina bai kwanta da wannan hazon ba. Ina roƙon mu dakata." In bai amsa ba a maimaita, a ƙara da "Ranka ya daɗe, ban amince mu ci gaba ba." Aikin matuƙi a nan shi ne ya ce "Na ji, Sista," ya juya, ba tare da ɗaure fuska ba, kuma shugabanni kada su kira ta ofis washegari. Ranar da aka tsawata wa mutum ɗaya don ya ce a fasa, an rufe bakin sauran ke nan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In an fasa, a gaya wa asibiti nan take don a nemi mota. Zariya kimanin kilomita 80 ce, asibitin koyarwa na Shika na nan, kuma sau da yawa motar da ta tashi yanzu ta fi jirgin da ake jiran hazo ya sake shi.

Shirya filin sauka

Wannan sashen na mutanen ƙasa ne. Ana buƙatar fili shimfiɗaɗɗe mai tauri, aƙalla mita 30 tsawo da 30 faɗi, wato taku 40 na babban mutum kowane gefe. Da dare ko ga babban jirgi a ƙara sosai. Filin ƙwallon makaranta yakan yi, in an lura da sandunan raga.

A zagaya shi da ƙafa, ana kallon sama. Wayar wutar lantarki ita ce babbar abokiyar gaba, domin daga sama ba a ganin ta, turakunta kawai ake gani. A ƙirga wayoyi, da dogayen ƙarafan sabis ɗin waya, da bishiyoyi, da hasumiyar masallaci, a faɗa wa matuƙi ta rediyo kowanne yana wane ɓangare: gabas, yamma, kudu ko arewa. Kada a ce dama ko hagu, don damarka ba tasa ba ce.

Sai a kalli ƙasa. Iskar farfela tana ɗaga leda, tabarma, shanyar tufafi, kujerar roba, guntun kwanon rufi, har shanyar masara ko barkono da kaka. Leda ɗaya in ta shiga bakin inji ta isa. A kwashe duka, a rufe ƙofofin motoci, a ɗaure awaki da tumaki nesa. In ƙasar busasshiya ce a yayyafa mata ruwa da kyau kafin jirgi ya iso, ba a yi taɓo ba, a dai kwantar da ƙura. Dalili shi ne a 'yan mitocin ƙarshe ƙurar kan turnuƙe ta rufe wa matuƙi gani gaba ɗaya, a daidai lokacin da ya fi buƙatar ganin ƙasa.

Jama'a za su taru, wannan babu makawa, yara kuma su ne gaba. A tsayar da su aƙalla mita 60 daga wurin. Abin da ya fi aiki shi ne a nemi mai unguwa ko limami ko shugaban makaranta tun da wuri a ce, "Baba, a taimaka mana a ja yaran nan baya, iskar jirgin na jifa da duwatsu." Maganarsa ɗaya ta fi ihun 'yan agaji goma. A sa mutum ɗaya da ba shi da wani aiki sai tsare bayan jirgi.

Mai ba da alama ya tsaya a gefen fili, iska na bugun bayansa, don jirgi yana sauka ne yana fuskantar iska. Da ya ga jirgin ya kusa, ya ja da baya. Da dare a yi alamar kusurwoyi da fitilu marasa ƙarfi masu nauyi. Kada a haska matuƙi da tocila, ko babbar fitilar mota, ko filashin waya, domin idon da ya saba da duhu in aka kashe shi da haske sai ya ɗauki mintuna kafin ya dawo.

Tunkarar jirgi da shigar da majinyaci

Ba mai matsawa sai matuƙi ya ba da alama da hannu. A tunkaro daga gaba ko gefen gaba, inda yake ganin ka kana ganin sa. Bayan jirgi haramtacce ne. Ƙaramar farfelar wutsiya in tana juyawa ba a ganin ta sam, kuma tsayinta daidai kan mutum. Ba a zagayawa ta baya, ba a ratsawa ta ƙarƙashin wutsiya, ko da inji a kashe yake, don kada ƙafa ta saba.

A sunkuya, saboda babbar farfela kan yi ƙasa in iska ta buge ta, musamman lokacin da take rage gudu. In filin na da gangara a zo ta ɓangaren ƙasa, don ta ɓangaren tudu farfelar ta fi kusa da kai. Kada a ɗaga komai sama da kafaɗa: ledar ƙarin ruwa a kwantar da ita a kan majinyaci, sandar rataye ta a cire. Hula, rawani, gyale da babbar riga a cire ko a ɗaure tun daga nesa. In iska ta ɗauke wa wani hula, a bar ta ta tafi.

Wanda ya shekara biyar a aikin ya fi sabon shiga hatsari a nan, domin shi sabon shigan har yanzu yana tsoro. Ido wa ka raina, wanda nake gani kullum.

In hali ya yi, a kashe inji kafin a shigar da majinyaci. Minti biyun da za a rage ba su kai hatsarin ba. Mutum huɗu ke ɗaga gado, wanda ke wajen kai shi ke ƙirga, a durƙusa da gwiwa, baya a miƙe, kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu. Ciwon baya ne ke raba ma'aikata da yawa da wannan aiki, ba faɗuwar jirgi ba. Bayan an tura gadon a ja shi da ƙarfi a tabbatar maƙallinsa ya kama. Ma'aikacin jirgi kaɗai ke rufe ƙofa.

Kafin wannan duka, a laluba aljihun majinyaci da ɗan rakiya cikin mutunci: wuƙa, ashana, leta, turaren fesawa. Majinyacin da ke fisge-fisge saboda rauni a ka, a kwantar da shi da magani a ɗaure shi tun a ƙasa, don a sama ƙafarsa na iya kai wa ga matuƙi. Duk abin da ake jin za a buƙata, kamar sa bututun numfashi ko ƙarin hanyar jijiya ta biyu, a yi shi kafin a tashi. A cikin jirgi babu wuri, babu haske sosai, ga girgiza.

A sama

Iska tana kumbura in an yi sama. Jirgi mai fukafukai yakan riƙe matsin iskar cikinsa kamar ana tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000. A ƙafa 8,000, iskar da ke kulle a wani wuri takan ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu in daga Kaduna aka tashi, kusan ɗaya cikin uku in daga Legas ne. Saboda haka iskar da ta taru tsakanin huhu da haƙarƙari, ko kaɗan ce, a sa mata bututu kafin tashi. Balan-balan ɗin bututun numfashi a riƙa auna shi yayin hawa da sauka. Cikin da ya kumbura a sa bututun hanci a rage shi. Ruwan ƙari na leda za a ɗauka, ba na kwalba ba, kuma famfo ya fi ɗigo, don ɗigo na sauya gudu. In majinyaci ba zai jure ba, likita ya nemi matuƙi ya yi ƙasa-ƙasa, amma tun kafin tashi, domin tafiyar ƙasa-ƙasa ta fi cin mai.

Sanyi ma na ƙaruwa, kimanin digiri 2 a kowace ƙafa 1,000. Jariri da wanda ya ƙone da wanda ya zubar da jini a lulluɓe su ko da ana zafi a ƙasa.

Ƙarar cikin jirgi mai saukar ungulu ta wuce desibel 85, matakin da in an daɗe a ciki ji ke lalacewa, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. A sa abin toshe kunne ƙarƙashin hular kwano, a sa wa majinyaci shi ma. A riƙa gwada ji sau ɗaya a shekara, ga Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa nan cikin Kaduna. Abin sauraren ƙirji ba ya amfani a sama, ƙararrawar na'ura ma ba a jin ta, don haka a juya allon na'urar inda ido zai riƙa kai wa.

Lokacin tashi da sauka ba hira. Amurka ta mayar da wannan doka ga jiragen fasinja tun 1981, kuma ta dace da mu ƙwarai. Kowa ya ɗaura bel, ya kalli waje ta tagarsa, ya yi magana kawai in ya ga waya, ko wani jirgi, ko tsuntsu. Shirwa da ungulu sukan yi shawagi a kan mayanka da juji, balbela kuma na bin shanu. In dole ne ka kwance bel don ka kai ga majinyaci, nemi izinin matuƙi. In za a buga wa zuciya wutar lantarki, a sanar da shi, a kawar da oksijin daga ƙirji, a tabbatar ba wanda ke taɓa gado.

Cuta, allura da wankin jirgi

Cikin jirgi ƙunci ne, numfashin kowa na haɗuwa. Da rani zazzaɓin Lassa da sanƙarau ke yawaita. Duk majinyacin da ke da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, ko yake zubar jini ba dalili, a tsaya a yi tambaya kafin a karɓe shi, a tuntuɓi jami'an sa ido kan cututtuka na jiha ko NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa. Jirgin da ba shi da akwatin killace majinyaci bai kamata ya ɗauki wanda ake zargin Lassa ba. Matuƙi ba zai iya tuƙi cikin cikakkiyar rigar kariya ba.

Kowane ma'aikaci ya kammala rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku. Ba a mayar wa allura murfi, kuma akwatin zuba allurai a ɗaure yake kusa da hannu. In allura ta soke ka, wanke wurin da ruwa da sabulu, kada ka matse, kada ka tsotsa, ka kai rahoto da an sauka. Maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi cikin sa'o'i 72, gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa, a sha kwana 28. Kunyar faɗa ita ke cinye waɗannan sa'o'in.

Wajen wanki a kiyayi ruwan bilic irin su Hypo da Jik. Suna kashe ƙwayar cuta amma suna cin ƙarfen alminiyon da igiyoyin bel. A yi amfani da abin da injiniya ya amince da shi. In jini ya malala ƙarƙashin daɓen jirgi a gaya masa ya buɗe, kada a goge sama a yi shiru.

Shan mai

Majinyaci ba ya cikin jirgi ana zuba mai, sai bisa larura da ƙa'idar da aka rubuta. A haɗa wayar da ke sauke tartsatsi tsakanin tanki da jirgi kafin a buɗe murfi, musamman da hunturu da iska ke bushe. Man jirgi na fara fitar da tururin da ke kama wuta daga kimanin digiri 38, zafin da kwalta ke wucewa da bazara. A rufe oksijin, a ajiye waya, tukunyar kashe gobara na kusa. A ɗebi samfurin mai a kwalba a duba ruwa ko datti, da damina ma a ƙara kula.

Barci, azumi da abin da ke zuciya

Wanda ya yi sa'o'i 17 ido biyu, hankalinsa kan yi rauni kamar na wanda ya ɗan sha abin maye, kuma shi ne na ƙarshen ganewa. Mafi munin lokaci shi ne daga ƙarfe 2 na dare zuwa asuba. Wurin aiki ya tanadi ɗakin barci mai duhu, da gidan sauro, da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, na maza daban na mata daban. In kira ya tashe ka daga barci mai nauyi, ba kanka kamar minti 15, ka wanke fuska, kafin ka yanke hukunci ko ka ja magani a sirinji. Al'adar sauka daga aikin dare a wuce wani asibiti mai zaman kansa don ƙarin kuɗi ta zama ruwan dare, kuma mun san albashi ne ke jawo ta. Maganinta na hannun masu kamfani, amma kafin nan wanda bai yi barci ba ya faɗa.

Da azumi a tsara jadawali tun kafin wata ya tsaya. Iskar cikin jirgi busasshiya ce, ga rigar aiki mai kauri, ga zafin Maris ko Afrilu in azumin ya faɗo nan. A sha ruwa sosai da sahur. Wanda ya ji jiri ko ciwon kai ya faɗa a sauya shi. Addini ya yi wa matafiyi rangwame a azumi da salla, kowa ya tambayi malaminsa tun da wuri yadda hukuncin ya shafi irin tafiyarsa, don kada ya tsaya yana wasiwasi a bakin jirgi. Abokan aiki Kirista da Musulmi sukan yi musayar ranaku, wannan ya riƙe Salla, wancan ya riƙe Kirsimeti da Ista, kuma shugaba mai hankali yana ƙarfafa hakan.

Bayan kowace tafiya a zauna minti goma: me ya tafi daidai, me ya kusa ɓaci, me za a gyara. Ƙarami ya fara magana, don in babba ya riga shi sai ya ce haka ne kawai. Abin da ya kusa faruwa bai faru ba, kamar wayar da aka gani a makare ko tukunyar da aka tarar babu komai, a rubuta shi a littafi ba tare da neman mai laifi ba. Hukumar NSIB mai binciken hatsari takan zo ne bayan abu ya auku, wannan littafin kuwa yana hana ta zuwa.

Akwai ranar da majinyaci zai cika a sama, wani lokaci yaro, mahaifiyarsa na zaune gefe. Muna cewa kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, amma hakan ba ya hana abin ya zauna a zuciya. Wanda ya ga barcinsa ya lalace, ko yana yawan faɗa a gida, ko gabansa na faɗuwa da jin ƙarar waya, har abin ya wuce wata guda, ya nemi likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa na da masu wannan aikin, kuma zuwa wurinsu ba hauka ba ne. Abokan aiki su ma su lura da wanda ya yi shiru fiye da yadda aka san shi.

Kafin ka karɓi aikin nan, nemi ganin takardu biyu. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, wanda ke biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki. Dokar fansho ta 2014 kuma ta wajabta inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Karanta takardar inshorar da kanka ka ga ko ta haɗa da aikin jirgi, domin wasu sukan cire shi a ƙananan rubutu. Ka rubuta sunan magajinka daidai, ka gaya wa iyalinka inda takardun suke.

Saura komawa gida. Wanda ya kwana a sama bai kamata ya kama sitiyari ko ya hau babur daga Mando da sassafe ba, ga tireloli ga barci a ido. Ko kamfani ya ba da mota, ko ya kwanta awa ɗaya a ɗakin hutu kafin ya fita, ko ya kira wani daga gida ya zo ya ɗauke shi.